Sakan uku na saka a bidiyon biki, gidan Yayana ya rikice

Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 24, ina aikin editin a wani ƙaramin sutudiyo a Kano, yawancin aikinmu bidiyon biki ne da tallace-tallace. Watan jiya Yayana ya ƙara aure, ni da abokina muka ɗauki hoto, ni kuma na haɗa, kyauta, a matsayin gudummawata. Uwargidansa, wadda muke kira Anti, a hannunta na gama sakandare, kuma da kuɗin adashinta ta cika min na sayi kwamfutar da nake aiki da ita.

A wajen dina, daidai lokacin da ango yake ba amarya kek a baki, wata mai liƙi ta gitta gaban kyamara, hoton ya lalace na kamar sakan uku. Da na zo haɗawa, wajen ƙarfe biyun dare, na nemi abin da zan rufe wurin da shi. Sai na ci karo da wani hoton Anti tana zaune, haske ya zauna mata sosai, ta ɗan ƙanƙance ido, fuska a ɗaure, sannan ta kawar da kai. Na dasa shi a wurin. Wallahi kyan hoton kawai na gani. Alhali an ɗauke shi kusan awa guda kafin ango da amarya su shigo, fitilar kyamara ce ta haske mata ido. Lokacin kek ɗin ma tana can baya tana raba wa dangin amarya abinci.

Ƙawayen amarya suka yanko wurin suka ɗora a TikTok da waƙar habaici, ya zagaye dangi ta WhatsApp. Hajiyarmu ta kira Anti ta yi mata faɗa, amarya ta daina gaishe ta, Yaya ya ce ta kunyata shi a bainar jama'a. Tana ta rantsuwa ba ta harari kowa ba, ana ce mata ai ga bidiyo. Har yau a dangi ba wanda ya san ni na jawo. Ogana ya ce in ja bakina in yi shiru, kowane edita yana yin haka, kuma in maganar ta fita sunan shagonsa ne zai ɓaci. Jiya na je gidan, ta zubo min abinci kamar yadda ta saba, na kasa ci. Kawu, yaya zan yi?

Wani ɗanka a Kano

Wa alaikumus salam, ɗana. Abincin nan da ka kasa ci shi ya sa na fara da wasiƙarka a wannan makon. Wanda zuciyarsa ta bushe da ya cinye har ya nemi ƙari. Ina jin ka riga ka san amsar tambayarka, abin da kake nema shi ne wanda zai kama hannunka ya nuna maka ta inda za ka fara. To, zauna mu yi maganar a tsanake, domin ni ma na ci tuwon wannan sana'a shekaru masu yawa a ɗakin editin na wani gidan talabijin, tun zamanin da ake haɗa labarai daga kaset zuwa kaset.

Bari in fara ba oganka haƙƙinsa, don rabin maganarsa gaskiya ce. Abin da ka yi, wato ɗauke idon mai kallo daga babban abin da ke faruwa, a kai shi wani gefe na ɗan lokaci sannan a dawo da shi, shi ne 'yan sana'a suke kira katawe, ni kuma na fi son in ce hoton gefe. Babu editan da zai yi yini guda a bakin aiki bai yi amfani da shi ba. A zamaninmu za mu je mu yi hira da hakimi ta minti 40, a ce mana minti biyu kacal za a saka a labaran dare. Dole ka yanke tsakiyar magana ka haɗa farko da ƙarshe. In ka haɗa haka kawai, sai kan mutum ya yi tsalle a allo, yanzu yana kallon dama, ƙiftawar ido yana kallon hagu, kowa ya gane an yi yanka. Sai mu bar muryarsa tana tafiya a ƙasa, mu rufe gaɓar da hannunsa yana jan carbi, ko fadawa zaune a gindin bango, ko ƙofar fada. Mai ɗaukar hoton da ya dawo ofis ba tare da irin waɗannan ba, ranar sai ya sha faɗa, domin ya ɗaure wa edita hannu. Da hoton gefe ake gajarta lokaci, da shi ake ɓoye girgizar kyamara, da shi ake nuna wa mai kallo inda ake da abin da ake magana a kai. Saboda haka rufe sakan ukun nan da ka yi ba laifi ba ne. Aikinka ke nan.

Inda oganka ya kauce shi ne da ya ɗauka duk hotunan gefe ɗaya ne. Da kek ka saka, ko lallen hannun amarya, ko kuɗin liƙi a ƙasa, da babu wanda zai tambaye ka ƙarfe nawa ka ɗauka, don kek ba ya ba da shaida a kan kowa. Fuskar mutum kuwa magana ce. Da zarar ka nuna wani abu ya faru, ka biyo shi da fuska, ƙwaƙwalwar mai kallo ba ta neman izininsa, sai ta ɗinke su: wannan matar ta ga abin nan, ga kuma yadda ta ji. Ba ka rubuta kalma ko ɗaya ba, amma ka yi jimla cikakkiya, ka kuma sa ta a bakin Anti.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Wajajen 1920, a Mosko, wani malamin fim mai suna Lev Kuleshov ya ɗauko wani tsohon hoton fuskar wani shahararren ɗan wasa, Ivan Mozzhukhin, fuska sake, ba fara'a ba ɓacin rai. Ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar wata mata a akwati, ya kuma haɗa ta da yarinya tana wasa da abin wasan yara. Ɗalibinsa Pudovkin ya ba da labarin cewa masu kallo sun yi ta yaba gwanintar ɗan wasan, wai dubi yadda ya zuba wa miyar ido cikin tunani, dubi baƙin cikinsa a kan gawar, dubi ɗan murmushinsa ga yarinyar. Alhali hoto ɗaya ne aka maimaita. Mu Hausawa muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Edita shi ya san sirrin da ke ƙarƙashin karin maganar: fuska tana amsa duk tambayar da aka ajiye a gabanta. Kai ka ajiye ango yana ba amarya kek, fuskar Anti ta amsa da kishi. Da jariri yana kuka ka ajiye, da an ce uwa ce ta damu da ɗanta.

Ka ƙara da cewa masu kallon namu an daɗe ana horar da su a kan wannan jimlar. Tun daga Turmin Danya a 1990 zuwa yau, fina-finan Hausa nawa ne aka nuno amarya tana murmushi, aka yanka zuwa uwargida tana harara, kiɗa ya ɗauka? Yarinya 'yar shekara goma ma ta san ma'anar wannan yankan. Bambancin shi ne a fim jaruma ta karanta labari, ta yarda, an biya ta, kowa ya san wasa ne, kuma ko an ɗauki harararta ranar Talata an ɗauki murmushin amarya ranar Alhamis babu wanda aka zalunta. Bidiyon biki kuwa mutane a matsayin shaida suke ɗaukarsa. Ka ji da kunnenka abin da ake ce wa Anti: ai ga bidiyo. Gani ya kori ji, in ji mu, shi ya sa rantsuwarta ta kasa yin nauyin sakan uku.

Kada ka ga kamar ƙananan sutudiyo ne kawai suke faɗawa wannan rami. A watan Yulin 2007 BBC ta nuna wa 'yan jarida tallan wani shiri a kan marigayiya Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Biyu. An nuno mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz tana ba ta shawarar ta cire kambin kanta, sai aka yanka zuwa Sarauniya tana tafiya a wani dogon baranda tana mita. Jaridu suka ɗauka cewa ta yi fushi ta fice. Ashe tafiyar nan an ɗauke ta ne tana hanyar shiga wurin ɗaukar hoton, tun kafin maganar kambi. BBC ta nemi gafara, kuma a watan Oktoba shugaban tashar BBC One, Peter Fincham, ya ajiye aikinsa. A wannan shekarar ce sashen labarai na tashar Five a Birtaniya ya hana irin hoton nan da ake ɗaukar ɗan jarida yana gyaɗa kai bayan an gama hira, a dasa shi kamar yana sauraro ne. Na kawo maka wannan don ka ga abu biyu. Manya ma suna yi, wannan ya kamata ya rage maka jin kai kaɗai ne mai laifi a duniya. Amma da aka gane, ba su ce ai kowa yana yi ba. Sarauniya tana da fada da ma'aikata da za su tsaya mata. Anti kuwa kai kaɗai ne kake riƙe da abin da zai wanke ta.

Na yarda da rantsuwarka cewa ba ka yi niyyar cutar da ita ba. Ƙarfe biyun dare, ido ya yi nauyi, ana jiran aiki da safe, mutum yana neman hoto mai haske ne kawai. Amma zan so ka yi wa kanka wata tambaya kai kaɗai, ba sai ka ba ni amsa ba. A cikin mutane ɗari biyu ko uku da ke wurin, me ya sa fuskar uwargida ce ta yi maka daidai a gefen kek? Wani lokaci hannun edita yana rigan tunaninsa, ya zaɓi abin da zai ƙara wa labari armashi, don haka ya saba gani. Ba na faɗa don in ƙara maka nauyi. Na faɗa ne don in ka je ba da haƙuri kada ka cika kafa hujja da cewa tsautsayi ne zalla, har ya zama kamar kana wanke kanka. Sannan ka raba abu biyu a ranka. Dasa hoton kuskure ne na dare ɗaya. Shirun da kake yi tun ranar da Hajiya ta kira ta, wannan kullum da safe kake sake zaɓarsa, kuma shi ne yake hana ka cin abinci.

Yanzu dubi abin daga inda Anti take zaune. Ba zan ce maka ba ta ji komai ba a daren nan, don ƙarya zan yi. Mace ce, mijinta yana ƙara aure, da wuya a ce zuciyarta fes take. Amma me ta yi da abin da ke ranta? Ta yi anko, ta zo, ta zauna a gaban mutane, ta tashi ta ɗauki cokali tana zuba wa dangin kishiyarta abinci. Wataƙila ta yi makonni tana shirya yadda za ta riƙe fuskarta a wannan dare, kuma ta riƙe. Abin da ta ci nasara a kansa shi ne aka ƙwace mata. Har ila yau akwai wani ciwon da ba kowa zai lura ba: an nuna mata fuskarta tana yin abin da ba ta tuna ta yi ba. Mutum yana iya fara shakkar kansa, ya kwana yana cewa ko dai na yi ban sani ba. Ranar da ka nuna mata ainihin hoton, wannan shakkar ce za ta fara faɗuwa.

Amarya ma an cuce ta, kada ka manta da ita don kawai ƙawayenta ne suka yaɗa. Yarinya ce ta shigo gidan da ba ta sani ba, a makon farko aka nuna mata shaida cewa wadda za su zauna tare tana ƙin ta. Daina gaisuwar ba daidai ba ne, amma a kan ƙarya ta gina shi, ba ta kuma san ƙarya ba ce. Yayanka kuwa in gaskiya ta fito abu biyu za su haɗu masa, fushi da kai da kunyar cewa ya gaskata waya ya ƙaryata matarsa ta shekara da shekaru. Namiji in ya ji kunya sau da yawa faɗa yake fara yi. Ka shirya wa wannan, kuma kada ka kuskura ka tuna masa abin da ya faɗa mata. Shi da kansa ya sani.

To, ta ina za ka fara? Ta kwamfutarka, tun kafin ka buɗe baki da kowa. Nemo ainihin hoton da ka yanko sakan ukun daga ciki, cikakkensa, daga inda kyamara ta fara zuwa inda ta tsaya, da sautinsa na asali. Kada ka dogara da lokacin da ke rubuce a jikin fayil kaɗai, don masu ɗaukar hoto da yawa ba sa saita agogon kyamara, kuma wanda bai san aikin ba zai ce ai kai ka rubuta. Abin da zai gamsar da Hajiya shi ne abin da idonta da kunnenta za su kama: kujerun ango da amarya babu kowa a kai, teburan ba a kawo abinci ba, mai gabatarwa yana cewa a ƙara haƙuri suna hanya, fitilar tana haskawa Anti tana kare ido. Sannan nemo ainihin wurin kek ɗin da mai liƙin ta gitta, kada ka gyara komai. In kyamarar abokinka ta kama Anti a baya tana rabon abinci a lokacin, to ka samu abin da ya fi komai. Ka jera su ukun a wayarka, ka kwafe su a wani wuri daban.

Bayan haka ka sami oganka, cikin ladabi, amma sanarwa za ka yi, ba neman izini ba. Tsoronsa na sunan shago ne, kuma ba tsoron banza ba ne, da shi yake ciyar da iyalinsa ya biya ka. Ka kwantar masa da hankali da gaskiyar da ke hannunka: aikin nan gudummawarka ce ga ɗan'uwanka, ba kwangilar shago ba, za ka ɗauki laifin da sunanka, kuma a cikin gida za a yi maganar. In akwai tambarin shagon a jikin bidiyon, ka ce za ka cire a sabon da za ka fitar. Ina kyautata zaton zai sassauta. In ya dage sai ka yi shiru ko ka bar aiki, abin zai yi zafi, ban raina ba, samun wuri ba sauƙi. Amma sana'ar tana hannunka, kwamfutar ma taka ce, kuma ka san wadda ta cika maka kuɗinta.

Sai Yaya. Na san zuciyarka za ta so ka ruga wurin Anti kai tsaye, tunda ita aka ɓata wa. Amma gidansa ne, in ya ji daga baya cewa an yi magana a bayan idonsa, sai ya mayar da fushin can. Ka same shi shi kaɗai, ba a gida ba in da hali, ka ce, Yaya, akwai abin da na yi a bidiyon biki da ya kamata ka gani. Ka miƙa masa wayar ka bar hoton ya yi magana. In ya gama faɗansa, ka roƙe shi ya kai ka wurin Anti a ranar, a gabansa. Kada a kwana, don in aka kwana labari zai riga ka isa, kuma ya kamata daga bakinka ta ji.

A gabanta ka durƙusa ka faɗi abin a gajarce. Anti, ba ki harari kowa ba, ni na ɗauko hotonki na wani lokaci na saka a wurin, na kuma yi shiru ina kallo ana miki faɗa, ki yafe min. Kada ka fara da bayanin mai liƙi da ƙarfe biyun dare, wannan sai in ta tambaya. Kada kuma ka tsaya a kanta sai ta ce ta yafe. Tana iya yin kuka, tana iya tashi ta shige ɗaki, tana iya cewa ba komai alhali da komai, ta yi wata guda ba ta sake maka fuska ba. Duk haƙƙinta ne. Abin da zai fi ƙona mata rai ba hoton ba ne, makonnin da ka yi kana shiga gidan ne ka san gaskiya. Ka ci gaba da zuwa gaisuwa, kada ka ɗauke ƙafa don kunya, kada kuma ka riƙa tayar da maganar kullum.

Daga nan ita ce mai cewa iya ina za a kai gyaran. Ni a ganina Hajiya dole ta gani, kuma kai za ka kai mata da kanka. Kada ka sa ran uwar miji za ta buɗe baki ta ce wa surukarta yi haƙuri, ba kasafai iyayenmu suke yin haka ba. In ta kira ta ta sa mata albarka, ko ta aika mata da turmin atamfa, Anti za ta gane abin da ake nufi. Amarya kuwa mijinta ne ya dace ya nuna mata, a ɗakinta, ba a taro ba, don ta samu hanyar dawowa da gaisuwa ba tare da an ce an kayar da ita ba. Ita ce kuma za ta fi iya sa ƙawayenta su sauke abin da suka ɗora. Ba zai goge daga duk wayar da ya shiga ba, wannan ka haƙura. Amma ban ba ka shawarar ka hau TikTok ka yi bidiyon bayani ba, sai fa in Anti ce ta nema da kanta. Waɗanda ba su ga na farko ba sai su je nema, ka mayar da ita abin kallo karo na biyu. Inda aka ci mutuncinta da gaske shi ne cikin dangi, don haka saƙo ɗaya daga gare ka a zauren WhatsApp na iyali, da ainihin hoton a haɗe, in ta amince, ya wadatar.

In ka ga ƙafarka ba za ta iya kai ka gaban Yaya kai kaɗai ba, ɗauki wata babba da ake jin maganarta, gwaggo ko babbar yayarku, ka fara nuna mata, ta raka ka. Wannan ba ragwanta ba ce. Hanyar da nake gargaɗinka da ita ita ce wadda na san Shaiɗan zai ƙawata maka: ka gyara bidiyon a ɓoye, ka raba sabo, ka yi shiru. In ka yi haka mutane za su ce an cire wurin ne don a rufa mata asiri, ka ga ka ƙara tabbatar da ƙaryar ke nan. Haka nan kada ka jingina wa abokin ɗaukar hotonka ko ka ce kwamfuta ce ta rikice.

Gyaran bidiyon kansa ba zai ɗauke ka minti goma ba. Sakan uku hoto 75 ne kacal a ma'aunin hoto 25 a kowane sakan da muke aiki da shi a nan. Rufe shi da kek ɗin daga kusa, ko hannun amarya, ko faɗin wurin daga kyamara ta biyu. In babu ko ɗaya, bar mai liƙin ta gitta abinta, biki ne, kowa ya san ana gittawa, babu wanda ya taɓa yin yaji don wata ta tare kyamara. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka nemo inda Anti take dariya a wani lokaci ka dasa a wurin kek don ka faranta mata. Wannan ma irin na farkon ne, fuska ce aka raba da lokacinta, kuma mai ido zai kama. In kana da hotonta tana rabon abinci, saka shi a inda ya faru, ka ba shi tsawonsa.

Don gaba kuma, ka riƙa isa wurin biki kafin baƙi, ka tara hotunan da ba su da baki: kwalliyar wuri, kek, zobe, takalma, lalle, fitilu, kowanne ka tsayar da kyamara a kansa kamar sakan goma. Su ne za su cece ka da tsakar dare. Fuskar mutum kuwa ka sa wa kanka doka, ba za ta bi bayan wani abu ba sai in a daidai lokacin aka ɗauke ta. In kyamara biyu kuke aiki da su, ka daidaita su ta sauti tun farkon haɗawa, sai ka san duk fuskar da ka ɗauko daga ta biyu ta wannan sakan ɗin ce. Mu a da ba mu da wannan sauƙin, ku kuwa manhajojin editin irin su Premiere da DaVinci suna yi muku shi cikin ɗan lokaci. Kuma bikin gidan da ke da uwargida, ko inda ka san akwai tsohuwar tsama tsakanin dangi, ka zauna da rana tsaka, ido a buɗe, ka kalli aikin daga farko zuwa ƙarshe kamar kai ne gwaggon da ta fi kowa neman magana, kafin ya bar hannunka.

Ka rubuto min bayan kun yi maganar, ina son in ji yadda Anti ta karɓa. Amma yau, kafin ka kwanta, duba memorin kyamarar nan da ta abokinka, ka tabbata ainihin hotunan suna nan ka kwafe su. Na san halin sutudiyo, daren Juma'a ake goge kati don bikin Asabar.

Kawu